Makullin Rumbun Oga Abdulmajeed

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai kara irin Oga Abdulmajeed ba, kuma karar nan tasa ta kusa sa min hawan jini. Kamfaninsa na buga kalanda da katin biki yana Idu, bayan layin dogo. Ni ce Hafsah, mai kula da kwamfutocin gidan. A ƙuryar ofis akwai wani baƙin akwati da muke kira Rumbu. Kullum kafin a tashi aiki, kowace kwamfuta takan tura masa kwafin aikin ranar ta netwok, saboda ko-ta-kwana.

A cikin Rumbun nan akwai abin da ya fi aikin duk kwastomomi daraja a wurin Oga: bidiyon mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, ranar da ta zo buɗe kamfanin. Wayar da aka ɗauke shi da ita tuni aka fizge ta a cunkoson Masaka. Kwafi biyu suka rage a duniya, ɗaya a Rumbu, ɗaya a tsohuwar laftof ɗinsa mai tari kamar janareton maƙwabta.

Da na kama aiki, a buɗe na tarar da Rumbu, ba ƙofa ba sakata. Saleh direba ya zuba wasannin ƙwallo, Kindness ta risefshan ta zuba waƙoƙin coci, kowa da kayansa. Ranar da wuri ya cika, sai Saleh ya shiga shara. Allah ne ya kawo ni ta bayansa, na ga ya ɗora kibiya kan foldar da aka rubuta wa Hajiya, yatsansa na kan maɓallin gogewa. Wai shi a zatonsa wata kwastoma ce da aka gama wa katin biki tun bara. Wallahi sai da na nemi kujera.

Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na buɗe wa kowa sunansa da kalmar sirrinsa. Na yi wa manhajar da ke kwashe ajiya nata asusun daban: ta zuba sabo, amma ba ta da ikon taɓa tsoho. Ma'aikata su duba, su kwafa, ba gogewa. Babban makulli kuwa, wanda ke iya share komai, na damƙa wa mai gida shi kaɗai, na ja kunnensa cikin ladabi. Ya ce in sha Allahu ko matarsa ba za ta ji ba.

Kafin Juma'a har mai kawo mana kunun aya ya san kalmar.

Na shiga ofishinsa raina a ɓace. Ya ce in zauna, ya tura min dabino, ya fara ba ni haƙuri tun ban buɗe baki ba. Wai Saleh ne ya zo ya tsuguna ya ce yana son ya ajiye hotunan sunan ɗansa. Kindness kuma ta ji an ba Saleh, to ina zai sa fuskarsa ya hana ta, a ce don addini ne?

“Hafsah, mutum ya dube ni ido cikin ido ya roƙe ni, in ce masa a'a? Ba haka aka raine ni ba.”

Na canza kalmar. Ya bayar. Na sake canzawa, na yi ta doguwa mai wuyar faɗa, sai ya riƙa karanta musu harafi-harafi da haƙuri irin na malamin firamare. Na ce oho, mai hali ba ya fasa halinsa, amma ni ma ba daga Kano na zo Abuja don a mayar da ni abin dariya ba.

Dabara ta zo min ne ranar da 'yarsa ta fari ta biyo ta ofis daga jami'ar Gwagwalada. Mami kowa ke ce mata, don sunan kakarta, mahaifiyar Oga, ta ci. Ana cikin hira aka kira Oga daga asibiti kan katinta, aka tambayi cikakken sunanta. Mutumin da ba ya iya hana kowa komai sai ga shi yana kame-kame, yana gyara hula. Daga ƙarshe ya miƙa mata wayar, ya ce ta fita waje ta faɗa musu da bakinta. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina murmushi.

Washegari na ajiye masa kibod a gabansa. Na ce sabuwar kalmar da hannunsa zai rubuta, ni ma ba na son in sani. Ya haɗa kalmomi huɗu da lambobin da ya ga dama, sharaɗi ɗaya ne kawai: sunan yankan Mami ya kasance a tsakiya.

Ya ture kibod ɗin ya dube ni.

“Ke yarinyar nan, anya kina da kunya kuwa?”

“Taka nake so in ara, Yallaɓai.”

Ya yi dariya har da tari, ya ce in juya baya. Na ji yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Ba a jima ba Saleh ya zo ya tsuguna kamar yadda ya saba. Ina daga bakin ƙofa ina kallo. Oga ya buɗe baki ya faɗi kalmar farko, ya zo ta biyu ya tsaya cak. Ya ɗauki biro zai rubuta, ya ajiye. Ya yi gyaran murya, ya ce Saleh ya je wurin Hafsah, ita ta san kan abin. Na buɗe wa Saleh foldarsa ta kansa, na ce ya zuba ƙwallo har ya gaji. Kowa ya samu tasa, aka zauna lafiya, Kindness har cincin ta kawo min.

Da damina ta kankama, wata rana aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, laftof ɗin Oga ta yi tarinta na ƙarshe. Mai gyara a Wuse ya juya ta ya ce sai dai haƙuri. Oga ya dawo ofis bai ko amsa gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a kaina ya ce, “Tana nan?”

Na ce ya zauna ya duba da kansa. Na juya masa kwamfutata, na kau da kai. Ya rubuta kalmar da yatsa ɗaya, leɓɓansa na motsi ba sauti.

Sai ga Hajiya a allo, da farin mayafi, almakashi a hannu, ta ƙi yanka ƙyallen buɗe kamfanin. Tana waige-waige cikin taro tana cewa, “Ina yaron nan? Ku ce wa yaron nan ya zo ya tsaya kusa da ni.”

Oga ya share ido da hannun riga, yana dariya.

“Kin ji ta ko? Ni ne ɗanta na fari. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunana ba.”

Ya mayar da bidiyon farko. Na jawo masa ƙofa, na ce wa Saleh Oga ba ya ganin kowa sai bayan la'asar.