Kujerar Mai Zaman Banza

Ranar da sitiyarin ya fara ƙin juyawa, ina tsakiyar shataletalen da ke gaban kasuwa. Na murza, ya ƙi, kamar an zuba masa siminti. Na sa hannu biyu na ja da ƙarfin tsiya har na samu na fita, wani mai babbar mota yana ta zuba mini hon da zagi. Na tsaya a gefen titi, na kashe motar, na zauna ina kallon hannuna na hagu.

Bara ne hawan jini ya taɓa mini wannan hannun. Ya dawo daidai, amma Auta, 'yata, ta kafa mini sharaɗi tun ina gadon asibiti: ranar da hannun ya sake gardama, za ta karɓe makullin mota, ta kwashe ni zuwa gidanta can garin da take aure. Har ɗaki ta gyara mini, ta turo hotonsa a waya, da wani labule mai furanni. Na ce mata ni ba buhu ba ne da za a kai a jingine a ɗaki. Tun rasuwar mahaifiyarta ni kaɗai nake a gidana, kuma ban roƙi kowa ya ji tausayina ba.

Da na sake tayar da motar, sitiyarin ya yi laushi kamar ba shi ba. Nan ne na fara zargin hannuna. A sanina mota idan ta lalace, ta lalace ke nan. Jikin tsoho ne yake yin abu ya fasa, gobe ya sake.

Ina isa gida na cika bokiti a famfo na ɗaga da hannun hagu. Ya ɗagu. Na ɓalle maɓallan rigata na mayar. Na buɗe kwalbar da takan ba ni wahala. Duk na iya, amma wa zai ce mini haka na iya ɗazu? Gidan shiru, sai firji da ke gurnaninsa.

Washegari na kai motar garejin Dogo, makaniken da ke duba ta tun tana sabuwa. Ya shiga, ya zaga da ita bayan gareji, ya dawo yana juya sitiyarin da yatsa ɗaya, ɗan rainin hankali.

"Baba, motar nan lafiyarta ƙalau. Wata fitila ta kama a gabanka?"

"Ina kokawa da raina, fitila zan tsaya kallo?"

Ya yi dariya. Ya ce irin wannan motar, wani ɗan injin lantarki ne a jikin sandar sitiyarin yake taya direba murzawa. Wani lokaci yakan ɗauke, in an kashe mota an tayar sai ya dawo, kamar yaron da ya yi ɓarna ya wanke hannu.

"Sai an kama ta tana yi," in ji shi. "Ka riƙa ɗauko wani a gaba. In ta yi, ya taɓa ya ji, mu san motar ce." Bai ƙarasa ba, amma na ga inda idonsa ya sauka.

Wani wa? A hanyar gida na yi ta lissafin mutanena. Abokin da muka yi aiki tare a ma'aikatar ruwa ya riga mu gidan gaskiya. Wani abokin yana nan, amma ba ya gane kowa yanzu. Maƙwabcina sabon zuwa ne, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Haka na yi ta yawo da kujerar mai zaman banza, babu mai zaman, sai hulata da ledar magani. Ban taɓa jin kaɗaici ya yi mini nauyi irin na kwanakin nan ba.

Karo na biyu a ƙofar gida ta yi mini. Na zo shan kwana, sitiyarin ya sandare, na goge gefen motar da katangar maƙwabci. Matarsa, wadda ba ta taɓa tambayar sunana ba, ashe tana da lambar Auta.

Auta ta iso da safiyar Asabar da akwatuna biyu, babu komai a cikinsu.

"Motar ce," na ce mata tun daga bakin ƙofa.

"To, Baba."

"Na ce miki motar ce!"

"Na ji, Baba. Ina ka ajiye rigunan sanyinka?"

Halin uwarta sak: ta ce maka to, ta ci gaba da abin da ta yi niyya. Na zauna a falo ina huci. Sai dai gidan ya canza. Ƙamshin albasa ya tashi daga kicin, ana buɗe ƙofa ana rufewa, ana yi mini faɗa a kan tawul ɗin da na bari a kan kujera. Jikokina suka kira a waya suna gardamar wanda zai kwana kusa da ɗakin Kaka. Na ci abinci har na nemi ƙari, ina ci ina ɓata rai don kada ta ga kamar na sauko.

Da akwatunan suka cika, ta ce mu je kasuwa a samo kwalaye. Ta miƙo hannu, na ba ta makullin. Na zaga na zauna a kujerar mai zaman banza a cikin motata, na ɗora hula a gwiwa.

A shataletalen nan dai motar ta sake yi. Na ga kafaɗun Auta sun ɗaga, ta danna birki.

"Innalillahi! Baba, ya ƙi juyawa!"

Wallahi dariya na yi, har da buga cinya. "Hannunki ne, 'yar nan! Hawan jini ne!"

"Baba, don Allah!"

"Kada ki kashe ta. In kin kashe, ta wanke kanta."

Na miƙa hannu na kama sitiyarin ta gefena. Haka muka tafi a hankali, ita tana ja ina turawa, kowace kwana sai mun yi nishi tare, har garejin Dogo. Ya leƙa, ya taɓa, ya ce, "Yawwa, yau ta shiga hannu." Ya cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyarin, ya nuna mana wata waya da bakinta ya ci, tana taɓawa tana saki. Kafin la'asar ya gama.

Auta ta yi kuka a hanyar dawowa. "Ka yafe mini, Baba. Na ƙaryata ka, ga shi da gaskiyarka."

Na ce ba komai, ina ta hura hanci.

Da muka isa ta buɗe akwatunan. Ta mayar da rigunan cikin kabad, takalma ƙarƙashin gado, hoton mahaifiyarta a kan ƙusarsa. Ina tsaye ina kallo, kowane abu yana komawa inda ya shekara shi kaɗai. Ta dafa mini abin da zai kai ni kwanaki, ta jera a firji.

Da safe ni na kai ta tasha, da kaina, sitiyarin yana bin hannuna kamar ruwa.

"Tunda ba ka buƙatar ɗakin," ta ce tana gyara mayafi, "bari in sa wa yara tebur su riƙa karatu a ciki. Sun daɗe suna naci."

Na buɗe baki. Na so in ce labulen nan ba laifi, in ce a ɗan dakata tukuna. Abin da ya fito shi ne, "Ki gaishe su."

Ta rataya jakarta, ta ja akwatunan biyu, ba nauyi, ta shige cikin mutane.

Na dawo gida na ajiye motar daidai, ban goge katangar kowa ba. Ƙamshin albasar bai gama fita daga kicin ba. Na tsaya a tsakar gida ban san abin yi ba, sai na ɗauki bokiti na cika shi a famfo har baki. Na sa hannun hagu na ɗaga a hankali, ina sauraron ko zai yi rawa, ko zai saki, ko zai ba ni dalilin ɗaukar waya.

Ya ɗagu sarai, ɗan banza, ko ɗigo bai zubar ba.