Kwamfuta Mai Lamba Bakwai

Malama Bahijja ce ta haɗa ɗakin kwamfuta na makarantar kuɗin da Alhaji Maniru ya gina a Boɗinga. Layin intanet ɗaya suke da shi, kwamfutoci kuwa goma sha huɗu. Sai ta ja waya ta haɗa su duka, ta saka wa tata kwamfutar wata manhaja da ake kira furoksi. Duk kwamfutar da ke son wani abu daga intanet, ta hannun tata take karɓa. Manhajar kuma ba ta mantuwa, tana rubuta wadda ta nema, da abin da ta nema, da lokacin.

Ranar da za a rufe rajistar jarrabawar fita, layin ya koma tafiyar hawainiya. Har aka rufe, yara tara ba su shiga ba. Washegari iyaye suka cika ofis, ran kowa a ɓace. Nan Malam Mu'azu, mataimakin shugaban makaranta, ya gyara hula ya ce wa Alhaji, "Ranka shi daɗe, komi ta kwamfutar Malama yake bi. Fina-finai take kallo da layin, ni na sani."

Alhaji bai bari ta buɗe baki ba. Ya mayar da ita reshen makarantar na Shagari, inda ko wutar lantarki babu, ta koma koya wa 'yan aji biyu lissafi. Maganar kuma ta bi gari, har mijinta ya ji ta a bakin masallaci.

Kafin ta bar Boɗinga, ta kwafe bayanan furoksin. A gida ta duba. A ranar rufe rajistar, daga ƙarfe tara na safe har la'asar, kwamfuta mai lamba bakwai ce ta shanye layin, tana sauke bidiyon ƙwallo tana leƙa shafin caca. Lamba bakwai kuwa a ofishin Mu'azu take, mabuɗin a aljihunsa.

Mijinta ya ce ta kai wa Alhaji tun da safe.

"A'a," in ji ta. "Gaban mutane Mu'azu ya tozarta ni. Ba a ɗaki zan rama ba."

Wata huɗu tana hawa bas zuwa Shagari, tana dawowa da ciwon baya, takardun da ta buga bayanan a kai na cikin jakarta. Sai ta ji cewa a taron iyaye za a naɗa Mu'azu shugaban makaranta.

Ta zo taron ta zauna a baya. Ta jira har aka gama yabonsa, sannan ta miƙe ta raba takardun, ta fara da iyayen yaran nan tara. Ta karanta musu layi uku, sannan ta juya ga Mu'azu.

"Malam, wa ke riƙe da mabuɗin ofishinka?"

Mu'azu ya ce takarda kowa na iya bugawa. Ta ce asalin na nan a kwamfutar, a je a buɗe yanzu. Aka je, aka buɗe, Alhaji ya sa tabarau ya karanta da kansa. Da ya ɗago, mabuɗin kawai ya karɓa.

Kwana uku bayan an sallami Mu'azu, matarsa Uwani ta zo gidan Bahijja, ido ya kumbura, tana roƙon ta sa baki a mayar da shi. Bahijja ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ta har ƙarshe.

"Uwani, ke ba ki yi mini komi ba," ta ce. "Amma shi, ko gaisuwa bai aiko ba lokacin da ake zagina. Ki ce masa ya bi gidajen yaran nan tara da ya sa suka rasa shekara. In sun yafe, sai ya zo da ƙafarsa mu yi magana."

Ta raka ta har zaure, ta dawo ta ci gaba da gugar kayan da za ta sa ranar Litinin, ranar da za ta koma ɗakin kwamfutarta na Boɗinga.