Hannuwan Efraín

Tun a harabar coci Doña Amparo, jagorar tattakin, ta tsara su: 'yan ƙasa a gefe, marasa takardar ɗan ƙasa a tsakiya. Ofishin sanata za su taka, su miƙa akwatin takardun sa hannu, suna neman a buɗe wa yaran da aka shigo da su tun suna goye hanyar zama 'yan ƙasa.

"Kai kuma Efraín, na san zuciyarka," ta ce tana kaɗa masa yatsa. "Ko yawu aka tofa maka, hannu a baya. Naushi ɗaya ka kai, ɗan sanda ya rubuta sunanka, takardar lamuninka ta mutu. Sai Michoacán, ɗana."

Michoacán ɗin, mahaifarsa a ƙetaren iyaka da ya baro yana shekara biyu, ko lungu ɗaya bai sani ba. A nan birnin Phoenix ya girma, yana aikin rufin gidaje, tafin hannunsa kamar cebur. Takardar da ke hana a kore shi kuwa duk shekara biyu ake sabunta ta, kuma ba ta shiri da mai tarihin faɗa.

Ƙanwarsa Maribel a nan aka haife ta, don haka gefe aka sa ta, akwatin a ƙirjinta.

"Yaya, lafe a tsakiya abinka," ta ce tana dariya. "Yau ni ce mai gadinka."

Rana na dukan kwalta suka iso. A bakin ofishin wasu mutane na jiransu da tutoci a kan sandunan ƙarfe. Wani ƙato mai furfurar gemu ya tare Maribel.

"Ku koma inda kuka fito!"

Ita kuwa bakinta ba ya mutuwa. "Asibitin da aka haife ni ga shi can bayanka, baba. Matsa in wuce."

Ya ɗaga sandar ya shimfiɗa mata a goshi. Ta zube, takardu suka watse a titi, jini ya rufe mata ido ɗaya.

Efraín bai san lokacin da ya keta layi ba. Kansa ya yi zafi, hannuwansa suka dunƙule da kansu. Sai ya ga abokan ƙaton sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo, kuma duk shi suka saita, ba mutuminsu ba. Wato abin da suka zo nema ke nan, la'anannu. Ya mayar da hannuwan baya, ya cusa su cikin bel ɗinsa, ya damƙe fatar. Ya tsaya ƙyam tsakanin ƙanwarsa da mutumin.

Sandar ta sauka a haƙarƙarinsa, ya ji wani abu ya ce ƙas. Ta sauka a kafaɗa. Da ta lanƙwashe, ƙaton ya yar da ita ya koma naushi.

"Rama mana, ƙaton banza! Girman jiki kawai!"

Hanci ya fashe. Haƙori ɗaya ya faɗo masa kan harshe, ya tofar da shi tare da jini. Yana ganin haɓar mutumin a buɗe, tazarar hannu ɗaya, kuma ya san bugu guda zai kwantar da shi. Tunda yake bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan bugun ba. Ya ƙara damƙe bel ɗin.

'Yan sanda suka iso a guje, biyu suka danne ƙaton. Na uku ya juyo kan Efraín, ya ga jibgegen saurayi jina-jina, hannuwa a ɓoye a baya. Ya zare bindiga.

"Fito da hannunka! Yanzu!"

Efraín ya ja, hannu ya ƙi. Yatsun sun sandare a kan bel ɗin kamar ba nasa ba.

"Na ce fito da su!"

"Kar ka harba!" Maribel ta rarrafo tana ihu. "Ba komai a hannunsa! Yayana ne, bari in buɗe maka!"

Ta juya shi, baya ga bindigar, ta shiga ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, jininta na ɗiga a kan wandonsa. Sannan ta ɗaga hannuwan nasa sama. Ɗan sandan ya duba bayan hannuwan, ko ƙwarzane babu. Ya mayar da bindiga, bai tambayi suna ba, ya koma wajen ƙaton da gaɓoɓin yatsunsa duk suka fashe.

Efraín ya durƙusa yana tsince takardun, sai kuka ya ƙwace masa, ba don ciwo ba, don baƙin ciki.

"An doke ki a gabana, Maribel. A gabana, ban rama ba."

Ta share idonta da gefen riga, ta tura masa akwatin.

"Yau a gidanmu za ka kwana, Yaya. Tashi ka kai musu ofishin sanata."