Takardar da Aka Ce In Ƙona

Kai ne, Manaja, duk inda kake. Kai ka ce a fitar da allurar nan, da bakinka, ina durƙushe da tsumman goge ƙasa a hannuna. Akawu, rubuta haka. Kar ka gyara mini magana. In ka sa mata zuma zan gane, ko da ban iya karatu ba.

Shekara goma sha tara ina share kamfanin magungunan nan. Da tsintsiya na yi wa 'yata Auta makaranta har ta fito da ilimin haɗa magani, suka ɗauke ta, suka ba ta makullin ɗakin sanyi, inda ake ajiye allurar masu ciwon ƙoda. Ranar da ta kama aiki ta dawo tana karanta mini takardar yarjejeniya, baki har kunne.

"Iya, kin ji? Duk ma'aikacin da aka kai ƙara saboda aikin kamfani, kamfani zai tsaya masa. Lauya nasu, diyya tasu."

Na ce, "Madalla. To karanta mini ƙananan nan na ƙasa, masu kama da tururuwa."

Ta kwashe da dariya. "Iya, ke da ko sunanki ba kya ganewa a takarda, yau ke ce lauya?"

A jikin ƙofar ɗakin sanyin akwai wani agogo mai zagayayyar takarda kamar faifai. Wani ɗan alƙalami ne ke zana jan layi a kanta shi kaɗai, mako guda cur, sannan a cire a sa sabuwa. In sanyi yana daidai, layin zai yi ta kewayawa lafiya. Wannan ko ni na sani, don kullum ina goge gilashin.

Wata Litinin, bayan hutun kwana uku, aka ce in zo da bokiti da sauri. Injin ya mutu tun Juma'a, ba wanda ya sani. Ƙanƙara ta narke, ruwa har bakin ƙofa, ɗakin da ke sa haƙori kaɗawa ya koma kamar ɗakin kwanana. Jan layin nan ya bar hanyarsa ya haye can sama.

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba za su fita ba. Sun sha ɗumi."

Ka ce, "Motoci biyu na jira a ƙofa, asibitoci sai waya suke yi. Ɗan ɗumi ne. Sa hannu."

"To ka rubuta mini cewa kai ka ba da umarni."

Ka yi murmushi, ka gyara wuyan rigarka. "Haba 'yata. Ba ki karanta yarjejeniyarki ba? Ko me ya faru, kamfani na bayanki."

Ta sa hannu. Kai kuma ka zare takardar agogon, ka miƙo mini ba ka ko dubi fuskata ba, ka ce, "Baba, haɗa da na ƙonawa." Haka kuke. A wurinku mai shara da bokitinta duk ɗaya ne, ba kunne ba ido.

Ban ƙona ba. Ba kuma wayo na yi ba, kar a ba ni abin da ba nawa ba. Takarda ce mai kauri, na ga za ta zauna daidai a kantar da nake jera kofunan baƙi. Na kife ta a can, na manta da ita.

Bayan mako shida aka fara kwantar da mutane. Uku ba su tashi ba. Danginsu suka shigar da ƙara, hukuma ta zo bincike, aka nuna mata wata takardar agogo mai layi sumul, wadda aka zana da hannu. Aka ce to, in ɗaki lafiya yake, mai riƙe da makulli ce ta bar kaya a waje. Sai ga wasiƙa. Auta ta karanta mini, wannan karon da tururuwan nan na ƙasa: kamfani zai tsaya wa ma'aikaci, sai fa in shi ya karya ƙa'ida don kansa. Sa hannu ɗaya ne a takardar fitar da kaya, kuma nata ne. Suka karɓe makulli. Kotu na jiranta ita kaɗai, ana maganar gidan yari.

Ban ce hannunta fes yake ba. Ta sa hannu, ta kuma san abin da ta sa wa. Ta haddace sunayen mutum ukun nan, tana jera su maimakon cin abinci. Amma ba ita kaɗai za ta ɗauki gawa uku ba.

Ranar Laraba da la'asar lauyanku ya zo gidana, mai sanyin muryar nan. "Mama, mun same ku lafiya? Ya ƙafa?" Ya zauna a kujerata, ya zaro takarda. Wai Auta ta sa hannu cewa ita kaɗai ta yanke shawara, su kuma don tausayi za su nemo mata lauya.

Na ce, "Tausayin naku ya yi yawa, ɗana. Bari in kawo maka ruwa ya sauka."

Na shiga na ɗauko kofin baƙi. Ashe takardar ta manne a gindinsa. Ina miƙa masa ta saki, ta faɗi a gaban takalminsa, fuskarta sama. Ga tambarin kamfani, ga kwanan wata, ga jan layin nan ya haye.

Auta ta toshe bakinta da hannu. Shi kuwa ya sunkuya a hankali. Na riga shi, na take ta da ƙafa.

Ya ɗago, ya shanye ruwan tas, ya ajiye kofin. "Mama, kin tuna ranar da kika kama aiki kin dangwala yatsa? Duk abin da ya fita daga kamfani ba izini, sata ce. Ke ma sai ki rasa mai tsaya miki." Ya leƙa waje ta taga. "Layin nan naku shiru ne. Mutum zai faɗi, ba wanda zai ji."

Tun daga ranar wata farar mota ke tsayawa a bakin layinmu, gilashi a rufe, inji a kunne. Ba mai fita. Jiya na dawo daga kasuwa na tarar da ƙofata a kulle kamar yadda na bar ta, amma an sauke kofunana duka an jera su a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba a fasa ba. Da sun fasa, da hankalina ya fi kwanciya.

Ba su sami takardar ba, don tun Laraba tana ɗaure a cikina, ƙarƙashin zani.

Shi ya sa yau na zo nan, ofishin lauyan dangin mamatan, su da ke ƙarar 'yata. Auta ta riƙe mini hannu tana kuka, wai na kai ta bakin kura. Na ce su aka kashe wa mutane, su ya kamata su fara gani. Ga takardar nan a kan teburinku, Akawu, da shatin kofi a bayanta. In sata ce, ni na sata, a rubuta. Motar tana ƙasa yanzu haka, Akawu, leƙa ka gani.

Ni ba tausayinku nake nema ba, Manaja. Kun ce kamfani na bayanta, to ku fito ku tsaya a inda kowa zai gan ku. A kira ka gaban alƙali, a ajiye maka takardar nan, ga matan da ka mayar zawarawa a zaune, ga ni. Ka dube ni, yau kam a fuska, ka faɗa wa kotu wa ya ce a fitar da allurar, kuma wa ya ce in ƙona.