Takalmi Ƙafa Ɗaya

"Ke tsaya nan," in ji Dattijo, yana tare ƙofar mutuware, ɗakin ajiye gawa, da hannu. "Ba wurin mata ba ne. Zuciyarki ba za ta ɗauka ba."

"Gaskiya ne," in ji Dokta.

Auta ta dubi yayyenta biyu. Rabon da ta ji bakinsu ya zo ɗaya har ta manta. Ita ce ta yi jinyar Baba tun da ciwon suga ya kwantar da shi, ita ke masa wanka, ita ke kwashe kashinsa, a hannunta ya cika. Amma yau ita ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta rungume jakar kayan da za a sa wa gawar, ta zauna a benci gefen ƙofa.

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Tana jin ƙarar keken da ma'aikacin mutuware ya turo, tana jin warin magani mai hawa kai.

Faɗan yayyen nata tsohon faɗa ne. Dattijo, babbansu, yana sayar da tayil na daɓen ɗaki, kuma dattijo ne a coci, irin waɗanda ko atishawa aka yi lokacin wa'azi sai sun waiwaya sun ga mai laifi. Dokta kuwa lakcara ne, ilimin halittu yake koyarwa a jami'a. Shi ma bai taɓa fashin Lahadi ba. Laifinsa dai, wata rana yana koyar da matasan coci ya ce Allah ne ya yi komai, amma a hankali ya yi, ta hanyar juyin halitta, wannan halitta na fita daga waccan cikin miliyoyin shekaru. Kafin mako ya zagayo Dattijo ya kai ƙarar ƙaninsa gaban dattawa, aka karɓe ajin. Tun daga nan kowannensu ya daina zuwa gidan Baba don kada ya haɗu da ɗan'uwansa. Idan sun bugo waya, ba su cika tambayar jikin Baba ba, sai dai, "Wancan ya zo?"

Daga ciki ta ji an yaye zane. Sai kukan Dattijo ya tashi, kuka mai tsari, irin na wanda ya san akwai masu sauraro.

"Baba! Babanmu!" Ya fyace hanci. "Zo nan, Dokta. Matso. Dubi wannan fuska. Dubi kwarjini. Ka dubi goshin nan ka sake faɗa mini jikan biri ne."

"Yaya, don Allah ba yau ba."

"Yau ɗin dai. A gabansa. Allah ya ɗebi turɓaya da hannunsa ya yi mutum cikin siffarsa, kai kuma ka ce kakanmu yana lilo a bishiya."

"Ban taɓa cewa biri ya haife mu ba. Cewa na yi asalinmu ɗaya da su, kuma Allah ne ya tsara haka. Sau nawa zan faɗa? Tun da ka ce a duba, to duba. Ga hancin nan, nawa ne sak. Ga kunnen nan mai manne, irin naka ne, irin na 'ya'yanka ne. Wannan shi ne gado. Abin da ya kawo hancin Baba fuskata, shi ne in ka bi shi baya can..."

"Ka bi shi baya kai kaɗai! Kwana shida aka yi duniya."

"Kwana na wa? Da wace rana aka ƙirga kafin a yi ranar?"

"Ka ji ko, Baba? Ka ji abin da kuɗin makarantarka ya saya?"

Ma'aikacin ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, akwai masu jira a waje. Kun tabbatar naku ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan?" in ji Dattijo. "Uban da ya haife ni?"

"Shi ne," in ji Dokta. "Ko a cikin dubu zan fitar da shi."

Daga nan Dattijo ya ce a sunkuyar da kai, ya shiga addu'a. Ya roƙa wa Baba hutu, ya roƙa wa iyali haƙuri, sannan ya juya ya roƙa wa "masu ilimin da ya kumbura musu kai" shiriya, ya daɗe a wurin. Dokta ya ce amin da ƙarfi tun ba a kai ƙarshe ba.

Ma'aikacin ya leƙo. "Ina mai kayan?"

Auta ta shiga. Sanyin ɗakin ya doke ta. Ta ajiye jakar a kan tebur ba tare da ta ɗaga ido ba, ta fito da kwat, da farar riga, da safa, da baƙin takalmi da ta goge da kanta.

Dattijo ya leƙa jakar. "Ina ɗayan?"

"Ɗayan me?"

"Takalmin mana. Abu kaɗan aka sa ki, shi ma sai kin yi shirme?"

Auta ta buɗe baki, sai idonta ya kai ƙarshen keken. Ƙafafu biyu ne suka leƙo daga ƙarƙashin zanen, manya, da yatsu cif. Ta bi zanen da kallo har zuwa fuska. Wani tsoho ne mai jiki, mai faɗin hanci, da ɗan furfura a gemu. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Yaya," ta ce, "Baba ƙafa nawa gare shi?"

Ta nuna musu ƙarshen keken da yatsa.

"Bara aka yanke ta hagu. Na kira ku. Kai ka ce kana taron dattawa, kai kuma ka ce kana duba jarrabawa."

Su biyun suka juya suka zura wa ƙafafun ido. Dattijo ya ɗan matsa kusa. Auta ta ga abin da ke zuwa, ta kasa yarda.

"Ko dai..." ya ce a hankali. "Babu abin da ya gagari Ubangiji."

"Haba, Yaya!" in ji Dokta.

"Kai ma kada ka yi masa haba," in ji Auta. "Yaya Dokta, a juyin halittar taku, ƙafar mutum tana sake tsirowa kamar jelar ƙadangare? Ga hancinka nan kwance, ɗauka."

Dokta ya cire tabarau ya hau gogewa. "Mutuwa tana sauya kama. Sanyi yana sa fata ta..."

"Yana sa ƙafa ta fito?"

Ma'aikacin ya duba takardar sunan da ke ɗaure a babban yatsan gawar, ya sosa ƙeya, ya ba da haƙuri. Tsofaffi biyu aka kawo daga ɗaki ɗaya, ya ce, shi ya sa ake kiran iyali su duba. Ya rufe baƙon, ya tura shi ciki.

Ya turo na biyu ya yaye zanen. Baba ya koma ɗan ƙarami, kumatu sun faɗa, ƙasusuwan wuya a waje. Babu kwarjinin da za a kafa hujja da shi, hancin ma ya tsuke. Dattijo ya buɗe baki, kukan ya ƙi zuwa, ya riga ya ƙarar da shi a kan uban wasu. Dokta ya miƙa hannu zai taɓa goshin, ya fasa.

"Haka ya rame?" ya ce.

"Wannan ai ya yi kyau," in ji Auta. "Ba ku gan shi da rai ba."

Ita da ma'aikacin suka sa masa kaya. Ta naɗe ƙafar wandon hagu ta maƙale da fil, yadda Baba yake so in za a fitar da shi shan iska. Sai a lokacin hawaye suka zo mata, ta share da gefen ɗankwali, ta ɗaure igiyar takalmin.

A waje wata tsohuwa ta taso daga benci ta kama hannun Dattijo da hannu biyu. Ta ce ma'aikacin ya gaya mata a kan mijinta aka yi wannan addu'a da ta jiyo ta taga.

"Allah ya saka, ɗana. Mutumin nan bai taɓa taka coci ba, sai gidan giya. Ko 'ya'yansa ba su yi masa kuka haka ba." Ta juya ta ƙare wa Dokta kallo. "Kai kuma danginsa ne? Na ga hancin."

Dokta ya ce a'a, ya yi gaba da sauri.

Suna jiran a saka akwatin a mota, Dattijo ya jawo Auta gefe. Dokta ya biyo su.

"Abin da ya faru a ciki," in ji Dattijo, "a ciki zai tsaya. Kin san mutanen coci."

"Da ɗalibai," in ji Dokta.

"Sannan gobe ni zan ba da tarihin Baba, a matsayina na babba. Za ki faɗa mini abubuwan da ya ce a ƙarshe."

"Ni Fasto ya ce in shirya," in ji Dokta. "Auta, Baba ya taɓa cewa wani abu game da maganarmu? Wa ya ce yana da gaskiya?"

"Bai taɓa tayar da ita ba. Abin da yake yawan tambaya shi ne ko wayarsa ta lalace, don ba ta ƙara."

Direba ya rufe bayan mota ya ce an gama.

"Gobe ni zan yi magana," in ji Auta.

"Ke? Ƙaramar gida? Ga maza?"

"Ko ta yaya zan tsaya gaban mutane, Yaya. Ku zaɓa: ko in ba da tarihin Baba, ko in ba da labarin ƙafa."

Dattijo ya dubi Dokta. Dokta ya dubi tayar mota.

"Kada ki ja shi da tsawo," in ji Dattijo, ya buɗe mata ƙofar gaba.