Jan Biro a Kan Teku

Da taɓarya Ticha Aondoakaa yake tuƙa kwale-kwale. Kowace safiya, kafin masu keke napep su cika titin unguwarsu a Lafiya da ƙara, zai zauna kan benci a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafafu, ya riƙe taɓaryar marigayiya matarsa a tsakiya, ya tsoma dama ya tsoma hagu har sau ɗari biyu. Matan unguwa sun yi dariya har sun gaji. Shi ko a jikinsa. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana zana teku da alli a wata sakandare a Assakio, alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai faɗi ba, ai ba dariyar masu tallar doya ce za ta hana shi shiri ba.

'Yarsa Msurshima ce ta jawo. Nas ce a Sikotlan, a can ta koyi shiga teku cikin wani siririn kwale-kwale da ake kira kayak. Wata biyu bayan an binne uwarta ta turo masa wata taswira ta intanet. Ka ja da yatsa, gaɓar teku ta biyo ka. Ka taɓa wuri, ta faɗa maka zurfin ruwa, da lokacin cikowar teku da janyewarsa, da inda za a fita a huta.

"Baba, kai ne masanin taswira," ta ce a waya. "Tsara mana tafiyar kwana uku. Ina da hutu a Agusta. Idan ka zo mai kujera biyu za mu ɗauka, kai a gaba ni a baya."

Kamar ta sosa masa inda ke yi masa ƙaiƙayi. Ya sayi sabon littafin rubutu, ya fito da jan bironsa na aiki. Wata takwas yana kafa alamomi a taswirar, kowace alama da bayaninta: nan akwai yashi, a ci abinci, nan duwatsu ne, a wuce. Wuri ɗaya ya fi cin ransa, wani hancin dutse da ya kutsa cikin teku, inda ruwa ke haukacewa da zarar ya fara janyewa. Ya yi lissafin Asabar ta biyu ta Agusta sau uku, sannan ya rubuta da manyan baƙaƙe: kada a zagaya dutsen nan bayan ƙarfe sha ɗaya. Duk abin da ya ƙara sai ya sanar da ita, ita kuma ba ta taɓa fashin amsa ba: "Na gani, Baba."

Ana saura kwana biyar Asabar ɗin, ba biza ba labarinta, taswirar ta ƙi buɗewa. Ya ɗauki wayar zuwa shagon Kalilu, mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda suka saba tun suna da baƙin gashi. Kalilu ya latsa nan ya latsa can, abu ya dawo. Sai ya tsaya yana kallon wani gefe da Ticha bai taɓa lura da shi ba.

"Ticha, wannan abu naka kai kaɗai kake shiga fa."

"Ni da 'yata."

"To ga lissafin nan, ba ni na rubuta ba. Kai, sau ɗari shida da sha ɗaya. Ita, sau ɗaya, ranar da ta buɗe maka."

Ticha ya gyara tabarau, duk da cewa ya gani sarai. Kalilu, da hannunsa ya riga hankalinsa, ya taɓa sunanta. Wata tafiya ta fito daban, ta yini ɗaya, ita da abokan aikinta, a Asabar ɗin nan tasu. Kwale-kwale mai kujera biyu ne kuwa, amma kujerar gaba da sunan wata. Kuma a tsarinsu ƙarfe sha biyu za su zagaya dutsen.

"Ka yi haƙuri, Ticha," in ji Kalilu. "Yaran yanzu aiki ya yi musu yawa."

Ticha ya san kalmar nan da take amsa masa da ita, ai tasa ce. Ranar da littattafan ɗalibai suka yi masa yawa, buɗe shafin ƙarshe yake yi ya rubuta "Na gani" da jan biro, ya sa kwanan wata, ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Ya yi wa 'ya'yan mutane dubbai. Ya yi wa Msurshima ma, tana aji biyu, ranar da ta kawo masa taswirar Binuwai da ta kwashe mako biyu tana shafa wa launi. Ya sa mata hannu yana hirar takin zamani da wani malami. Yarinya ta koyi darasi, ba ta bar komai ba.

A bakin shagon ya kira ta. Ta ɗauka tana haki, tana hanyar asibiti.

"Msurshima, kada ku zagaya dutsen nan ƙarfe sha biyu."

"Wa ya nuna maka... Baba, akwai mai yi mana jagora, ka kwantar da hankalinka."

"Takardun bizar tawa fa? Kin shigar?"

"Baba, da hawan jininka? Ƙanwarka Anti Francisca ce ta ce mini ba ka fita, ba ka cin abinci. Na so ka samu abin yi ne kawai."

Abin yi. Kamar yadda ake miƙa wa yaro murfin tukunya ya yi ta bugu don uwa ta samu ta yi tuwo. Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai yi ba ko ranar binne matarsa, don a ranar babu wanda ya raina shi.

Duk da haka ranar Asabar yana gindin mangwaro tun ƙarfe bakwai, waya a hannu. Uba ai uba ne. Taswirar na nuna ɗigo shuɗi inda kwale-kwalenta yake. Ƙarfe takwas ɗigon ya motsa, awa biyu kafin lokacin da suka tsara. Ya bi shi da yatsa, ya wuce yashin da ya zaɓa musu don cin abinci. Goma da rabi ya zagaya dutsen lafiya lau. Ticha ya sauke numfashi, har idonsa ya kawo ruwa. Ta ji maganarsa. Ko ba komai, ta ji.

Da la'asar ta kira, murya cike da murna.

"Baba, ka ga jagoran nan namu? Ya san teku kamar yunwar cikinsa! Shi ya ce mu yi sammako, wai kada mu kuskura mu zagaya wani dutse bayan sha ɗaya. Ban san yadda suke sanin irin wannan ba. Bari in turo maka hotuna."

Suka shigo a jere, goma sha huɗu. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya rubuta mata "Na gani," ya kife wayar a kan littafin. Sannan ya ɗauki taɓaryar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya mayar da ita cikin turmi.