Hular Kwanon da Aka Liƙe

Da mai faci ya buɗe shagonsa da safe, ƙusar da ke saman ƙofa ce ta fara ɗaukar idonsa. Babu kome a jikinta. Jiya da yamma a nan ya rataye hular kwano don fentinta ya bushe.

Ya duba ƙarƙashin tebur, ya ɗaga tsofaffin tayoyi, ya leƙa cikin bahon ruwan da yake gwada huji. Sannan ya zagaya cikin gida, inda matarsa ke shanya wanki.

"Kin ga wata hula shuɗiya?"

"Auta ta ɗauka," in ji ta. "Yau ne masaƙarsu ta fara hana mai keke shiga in ba hula. Ta ce a yi maka godiya, wai ashe kana ji ana magana, shiru kawai kake yi. Har launin kekenta ka zaɓa mata."

Bai zaɓi kome ba, ragowar fentin kekenta ne ya gani a gwangwani.

Makonni uku da suka wuce wani saurayi ya kawo masa keken mahaifinsa, wilin gaba ya lanƙwashe, hular tana reto a jikin birki. Tifa ce ta gogi dattijon a shataletale, kansa ya bugi bakin kwalta. Ya rayu, amma farin soson cikin hular ya rabe gida biyu. Saurayin ya ce a jefar da ita. Shi ma mai faci ya san hakan ne daidai, domin hular da ta sha bugu sau ɗaya ta gama aikinta, ko an gyara ba ta tare na biyu. Sai dai shekara talatin ke nan hannunsa bai iya barin abu a karye ba. Ya haɗa soson da gam, ya cike tsagar, ya goge, ya shafa fenti, da niyyar ya rataye ta a bakin shago ta zama alama. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Shi kansa sai ya lalubi wurin da yatsa kafin ya gane inda tsagar take.

"Malam, lafiya? Ka tsaya kamar an dasa ka," in ji matarsa.

"Tun yaushe ta fita?"

"An yi awa guda."

Ya koma shago ya ɗauki ƙaramar guduma don ya farfasa hular, ya zura a aljihun riga, ya fito da kekensa.

Hanyar masaƙa ta shataletalen nan take bi. Tun Auta tana ƙarama ya koya mata ta riƙa sauka a wurin ta tura keke ta gefe, kuma shi ma haka ya yi yau. Yana turawa yana duban kwalta, yana duban bakin lambatu, yana neman wani abu shuɗi. Tireloli suna wucewa, iskarsu tana kaɗa masa riga. Bai ga kome ba sai ɓawon lemo da wani takalmi ƙafa ɗaya, na namiji.

A ƙofar masaƙa mai gadi ya tare shi yana dariya.

"Baba mai faci, kai ma doka ta hau kanka. Wannan furfurar ba hula ba ce."

"Ba shiga zan yi ba. Kira mini Auta, ɗakin zare."

Ta fito da abin rufe hanci a wuya, auduga ta manne mata a gira. Ya dube ta daga sama har ƙasa, sai da ya tabbatar babu ko ƙwarzane, sannan ya saki numfashi.

"Baba, me ya faru? Ko Inna ce?"

"Innarki lafiya lau. A shataletale kin sauka?"

Ta yi murmushi, ta kau da kai. "Yau dai ban sauka ba. Ai da hula."

"Kawo ta."

"Hular? Ba ta wurina."

Mai gadi ne ya yi masa bayani, da ɗan alfahari, kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Masu keke a masaƙar sun fi arba'in, huluna kuwa ba su kai goma ba. Saboda haka wanda ya shiga sai ya miƙo tasa ta saman katanga, na baya ya saka ya shigo. Shi dai an ce ya ga hula a kai, kuma yana gani.

"Taka ta fi shiga kasuwa," in ji shi. "Mutum tara ta shigar yau. Kowa shuɗiyar yake so, wai sabuwa ce."

"Yanzu tana ina?"

"Masinja ya ara, an aike shi da takardu ma'ajiyar kaya," in ji Auta. "Baba, ka san tsoronsa. Kullum ta lungu yake zagayawa, ya ɓata awa biyu. Yau ya ƙwanƙwasa hular da yatsa, ya ce tunda aikinka ne, ta gangaren tireloli zai bi."

Mai faci ya san masinjan. Shi ya ɗaure masa ƙaramin sirdi a bayan keke, na kai 'yarsa makaranta.

"Hular ta taɓa fashewa," ya ce a hankali. "Gam ne a ciki. Ni na liƙe ta."

Dariyar mai gadi ta tsaya. Auta ta kai hannu ta shafa kanta, daidai inda hular ta zauna ɗazu.

"Idan an tashi, ki bar keken nan ki taho da ƙafa," ya ce mata, ya juya.

Gangaren tireloli doguwar hanya ce mai saukowa zuwa ma'ajiyar kaya, ba ta da gefen da mai keke zai raɓe. A kowace safiya tun daga nesa ake jin rurin injuna da ƙarar birki. Yau da ya iso kan tudun, shiru ya tarar. Tireloli sun yi layi har ƙasa, an kashe injuna, ƙofofi a buɗe. Direbobi sun sauko, duk suna tafiya wuri guda, can wajen kwana, ba mai gudu, ba mai magana.

Ya jingine kekensa a jikin wata tirela, bai ko saka makulli ba. Ya bi bayansu da ƙafa, gudumar tana bugun cinyarsa a kowane taku.